Ranar Da Aka Ce In Kira Surukina Daga Kabari

Tun da abin nan ya faru a gidan Anti Kubura, duk gidan sunan da na shiga sai an ce in ba da labari, ni kuma bakina nauyi gare shi a cikin mutane. Da na yi shiru sai kowace ta ƙara nata gishirin, har na ji wata tana rantsuwa wai suma na yi aka yayyafa mini ruwa. Ban suma ba. Gumi dai na yi. Ga yadda aka yi.

Muna da ƙungiyar karatu ta mata a unguwarmu, nan bayan tasha a Funtuwa. Duk Laraba bayan la'asar muke haɗuwa a falon Anti Kubura, tsohuwar malamar firamare da ta ajiye aiki amma ba ta ajiye muryar aji ba. Littafi ɗaya ake saye. Wadda aka miƙa wa ta karanta a bayyane, saura su saurara suna ɓarar gyaɗa. In an tashi, Anti ta kulle shi a kabad tare da tangaran ɗinta don kada wata ta leƙa gaba, kuma ta rantse ita ma ba ta leƙawa. Dokarta ba ta da yawa, amma ba ta lanƙwasuwa: abin da marubuci ya rubuta shi za a karanta, ba ragi ba ƙari, kuma wadda ta karɓi littafi ba ta miƙa shi sai ta kai ƙarshen babi. Wadda ta saɓa, ta koma layin masu zuba shayi.

Ni a wannan layin na daɗe. Sai bana Anti ta saurari karatuna ta ce bakina ya faɗa, ta ce babin ƙarshe na littafin da muke kai ni zan karanta shi. Ranar ban san lokacin da na iso gida ba. In ban da Larabar nan, ba ni da wata fita sai ta asibiti da ta gaisuwa.

Littafin kuwa sunansa Mai Kiran Kushewa. Labarin zamanin da ne, tun ana yaƙi da kwari da baka. Abokan gaba sun kewaye wani gari wai shi Birnin Dargaza, rijiyoyi sun ƙafe, mutane suna faɗuwa da ƙishirwa. Akwai wata tsohuwar rijiya da aka binne bakinta, ba wanda ya san inda take sai Sarkin Maƙera, shi kuma ya riga ya mutu. Sai aka ɗauko wani boka, Tunkuɗa, wanda aikinsa tada matattu ya yi musu tambaya.

Tun babin farko falon ya rabu. Hajiya Tasalla mai atamfofi duk shafi sai ta yi a'uziyya ta tofa a wuyan rigarta, ta ce wannan ba karatun Musulmi ba ne, amma ba ta taɓa fashi ba, kuma ita ke fara cewa a ƙara babi ɗaya. Laure mai kitso kuwa ba ruwanta da tsoro. Ita zaman duniyar matattun ne ya dame ta.

"Ni abin da ban gane ba," in ji Laure, ranar da boka ya tada wata tsohuwa, "mata ta taso daga kabari, ta wuce ta ƙofar ɗakinta, ta ga matar ɗanta tana tuwo a tukunyarta, ba ta ce uffan ba sai zancen yaƙi? Namiji ne ya rubuta littafin nan, wallahi."

"Kuma a bar su suna yawo da likkafani tsakiyar kasuwa," in ji Hajiya Tasalla. "Duk garin a rasa mai ba su zane su ɗaura. A'uzubillahi. Ci gaba."

Wata Larabar kuma boka ya tada wani mayaƙi. Laure ta ɗaga hannu kamar 'yar aji.

"Anti, tambaya. Wadda ta gama takaba, ta yi wani auren, har ta saba, sai ga na farko ya shigo yana karkaɗe ƙasa daga gemu. Ɗakin wa za ta kwana?"

"Laure, ƙirƙira ce," in ji Anti. "Abin da marubucin yake nuna mana shi ne, al'ummar da ta manta da magabatanta..."

"Anti, bar al'umma. Ɗakin wa za ta kwana?"

"Na biyun mana!" Hajiya Tasalla ta faɗa da ƙarfi, har gyaɗa ta zube daga cinyarta. "Shi na farkon ba an yi masa sallah an gama ba? Ya koma inda aka kai shi."

Kowa ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Hajiya Tasalla mijinta na farko ya rasu, yanzu tana gidan wani dillalin hatsi da ke ji da ita. Daga ranar muka gane ba aljanu take tsoro ba.

Amma duk wannan wasa ne a kan abin da ya biyo baya. A babi na kusa da ƙarshe, Tunkuɗa ya yi duk surkullensa a kan kabarin Sarkin Maƙera, mutumin ya ƙi motsi. Sai bokan ya ce wannan ba zai amsa ba sai muryar da ba ta taɓa faɗin sunansa ba tun yana duniya. Aka bincika gari kaf, kowa ya taɓa faɗa, har sarki, har yara. Saura mutum ɗaya: matarsa Kande.

Nan falo ya kama da wuta.

"Tada matattu dai mun ji, aikin boka ne," in ji Hajiya Tasalla. "Amma mace ta tsaya gaban jama'a ta kira sunan mijinta gatsal? Ina tarbiyya? Gara ƙishirwar."

"Me ye a ciki?" in ji Anti. "Ni ba Sabi'u nake ce wa nawa ba?"

"Shi ya sa kullum yake ramewa," in ji Laure.

A haka aka tashi, littafi ya koma kabad, kowa tana jiran Laraba ta ji ko Kande za ta kira. Marubucin kuwa tun daga farko bai taɓa faɗin sunan mutumin ba. Sarkin Maƙera kawai yake cewa.

To, kafin Larabar ta zo, wata mai son alheri ta je ta sanar da surukata, Inna, wai ana koya wa matan aure tsafi a gidan Anti Kubura, har da kiran matattu, kuma wai ni ce zan ja baƙi a zama na gaba.

Sai na gaya muku wace ce Inna. Tsohuwa ce mai tsabta, mai carbi, ba ta dariya sai da dalili. Mijinta, Malam, ya rasu tun kafin a kawo ni gidan, amma na san shi kamar mun zauna, don ba a wuni Inna ba ta ambace shi ba. "Allah ya jiƙan Malam, kafin ladan ya gyara murya ya riga ya yi alwala." In maigidana ya makara, tana bakin ƙofa: "Ba ka gado ubanka ba. Shi zakara ma a wurinsa yake jin lokaci." Duk unguwa an haddace wannan.

Sunan Malam na yanka ban ma san shi ba. Wanda gari ya san shi da shi kuwa ban taɓa faɗa ba, kuma ba zan rubuta shi a nan ba. Irin sunan nan ne da ake yi wa namijin da aka haifa washegarin Juma'a, ku ƙarasa da kanku. Ni a gaban Inna ko ranar ba na kira. In ce jibi, in ce shekaranjiya, in ce ranar da ake wanki.

Maigidana ya same ni a madafa ya ce, "Ni ba ruwana. Inna ta ce za ta bi ki ranar Laraba ta ji da kunnenta. In ta ce a'a, kin gama zuwa."

"Ko ka ɗan yi mata bayani?"

"Ni? Wa Inna?" Ya ɗauki hularsa ya fita.

Ranar Laraba muka tafi, Inna a gaba da carbi, ni a baya kamar wadda za a kai wa alƙali. Mata suka ga Inna, falo ya zama kamar wurin ta'aziyya. Laure, da ɗankwalinta kullum yake kafaɗa, ta ɗaure shi har gira. Aka ba Inna kujera, ta ƙi, ta zauna a tabarma bakin ƙofa inda takalma suke. Aka kawo shayi, ta ce ta ƙoshi. Aka tura mata farantin gyaɗa, ba ta ko dube shi ba.

Anti Kubura ta yi mata bayanin inda aka kwana, da irin Hausar rediyo, tana ta nanata cewa ƙirƙira ce, darasi ne.

"Na ji," in ji Inna. "A yi tsafin in gani."

Anti ta buɗe kabad ta miƙo mini littafin. Na fara. Muryata da farko ko ni ba na jin ta sosai, sai da Anti ta ce, "Hansatu, ba wa cinyarki kike karantawa ba." Na ɗaga.

Aka fito da Kande daga ɗaki, tsohuwa, tana dogara sanda. Gari duka ya bi ta zuwa maƙabarta, mata da tuluna a kai, babu ko ɗigo a ciki. Ina karatu ina satar kallon bakin ƙofa. Carbin Inna yana tafiya da sauri, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Da aka zo inda sarki da kansa ya durƙusa gaban Kande yana roƙonta, sai na ji carbin ya rage gudu. Da Kande ta ce wa sarki, "Ranka ya daɗe, bakin da bai faɗa ba a ɗaki, yau a maƙabarta za a buɗe shi?" sai carbin ya tsaya cak.

"Matar nan 'yar mutunci ce," in ji Inna, ba da kowa take ba.

Can kuma: "Shi wannan Tunkuɗan, ɗan wane gari ne?"

"Ba a faɗa ba, Inna," in ji Laure.

"Za ki gani. Irinsu ba su da gari."

Ban san lokacin da tabarmar ta matso ba, na dai ga Inna ta bar wajen takalma, kuma hannunta yana cikin farantin gyaɗa. Zuciyata ta ɗan kwanta. Na ce a raina, Larabata ta tsira.

Kande ta tsaya a kan kabari. Ta ajiye sanda. Ta share bakinta da gefen zane. Shafi ya ƙare, na lashi yatsa na juya.

Sai ga shi. Sunan. Ba sau ɗaya ba, marubucin ya jera shi ya cika rabin shafi, da manyan baƙaƙe, kowane da alamar ihu a bayansa. Duk sunayen da ke duniya, mutumin nan bai ga wanda zai ba Sarkin Maƙera ba sai na surukina.

Na tsaya.

"Ci gaba mana," in ji Hajiya Tasalla. "A'uzubillahi. Ta kira?"

Gumi ya fara bin bayana.

"Kalma ce ta yi miki wuya?" in ji Anti. "Rarraba ta."

Laure ta miƙo wuya ta leƙa ta kafaɗata. Ta dubi shafin, ta dube ni, ta dubi Inna, sai ta toshe baki da ɗankwali, kafaɗunta suna rawa.

"Ke lafiya?" in ji Anti.

"Anti, sunan Malam ne. Malam na Inna. Marigayi."

Inna ta tsaya da gyaɗa a hannu, ba ta kai baki ba, ba ta mayar ba.

Ni dai na ga ba mai cetona, na ce bari in bi ta gefe yadda muka saba. Na gyara murya na karanta, "Sai Kande ta ɗaga murya ta ce: Mai sunan Malam! Mai sunan Malam! Tashi!"

"Dakata," in ji Anti. "Haka aka rubuta?"

"A'a, Anti."

"To wane mamaci ne zai san da shi ake? Ki ce mai sunan Malam a maƙabarta, ai rabin mutanen ciki za su taso."

"Wasu ma da allunansu," in ji Laure.

"Anti, ko Laure ta karanta mini layin nan kawai, in ci gaba?"

"Kin san doka, Hansatu. Ba ni na sa sunan ba, kuma ba zan canza wa marubuci magana don surukin kowa ba. Ko ki karanta yadda yake, ko ki miƙo littafin ki ɗauki butar shayi. Duk babin nan an gina shi ne don wannan layin. Kande ta iya, ke ce ba za ki iya ba?"

"Kande mijinta ne," in ji wata daga baya. "Wannan uban miji ne. Ya fi nauyi."

Na dubi littafin, na dubi butar shayi. In na faɗa, na kira sunan surukina gatsal, da ihu, a gaban matarsa, ranar da ta zo duba tarbiyyar wurin. In ban faɗa ba, na koma inda na fito, kuma na san Anti: wadda ta sauka ba ta sake hawa da wuri. Ko ta ina Larabata tana lilo.

Ana cikin haka Hajiya Tasalla ta dafe ƙirji.

"Tsaya! Hansatu, kin taɓa faɗin sunan nan?"

Na girgiza kai.

"Ko sau ɗaya? Ko a ɓoye?"

Na sake girgizawa.

"Innalillahi! Ai irin muryar da boka ya ce ke nan! Wadda ba ta taɓa faɗa ba! Jama'a, ku ba ku ji abin da ake karantawa ne? Ga maƙabarta nan bayan masallaci, ko tari aka yi a falon nan ana ji a can!"

"Hajiya, ƙirƙira ce," in ji Anti.

"Ƙirƙira a littafi! Wannan kuwa suna na gaske, suruka ta gaske, kabari na gaske. Me ya rage? Boka kawai, shi ma ga ki nan kina tilasta ta."

"In ya taso ai ba wani abu," in ji Laure. "Shayi bai huce ba. Hajiya kuma ta ba shi atamfa ya ɗaura, tun da ita ke ƙorafin likkafani."

"Ke Laure, ki kiyaye ni. Irin wannan ƙofa in aka buɗe ta, kina tsammani mutum ɗaya ne zai fito?"

"Au, to. Wa ke kwance kusa da Malam ɗin ne, Hajiya?"

"Rufe mini baki!"

Mata suka ƙyalƙyale, sai kuma suka tuna wa ke zaune a tabarma, dariyar ta mutu a maƙogwaro. Ɗaya bayan ɗaya kowa ta juya ta dubi Inna. Ni ban iya dubanta ba. Yatsun ƙafarta nake kallo, da lallen da ya fara gogewa.

Inna ta jefa gyaɗar nan a baki. Ta tauna a hankali, kamar ba ita ake jira ba.

"Ita matar," ta ce, "da ta kira shi, ya tashi ko bai tashi ba?"

"Ba mu sani ba, Inna," in ji Anti. "Sai an karanta."

"Rijiyar fa?"

"Ita ma."

"To mutane suna can da tuluna a kai, rana tana dukansu, ku kuna nan kuna surutu." Ta juyo gare ni. "'Yar nan, karanta abin da aka rubuta. Ni na ce. Ki ɗaga murya kuma, kada ki yi mini irin kiran da kike wa kaji. Ke kuma malama, Laraba mai zuwa a shimfiɗa mini tabarmar a nan, kusa da farantin."

Na ji kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ka. Na ɗaga littafin, na ja numfashi, na buɗe baki.

"Inna!" Hajiya Tasalla ta miƙe tsaye, mayafinta a hannu, ƙafa ɗaya ta riga ta shiga takalmi. "Don girman Allah ki yi tunani. Wani mamacin dai a ce, amma Malam? Mutumin da ke da kanki kike cewa kafin ladan ya gyara murya ya riga ya miƙe? Mai saurin tashi irin wannan, in ya ji an kira shi ya taso fa?"

Inna ta ɓare wata gyaɗar, ta hure ɓawon daga tafin hannunta.

"Zauna, Tasalla. Mutumin da yana da rai ma sai na juye masa buta yake tashi, shi ne zai tashi yanzu da ya samu inda ba mai damunsa?"